Labarin da Ake Kaiwa da Ƙafa

Shekaranjiya da hantsi maƙwabcinmu ya rasu. Kafin a gama ɗaure masa haɓa, hotonsa ya riga ya zagaye wayoyin unguwa, da Innalillahi a sama, da 'yan hannuwan nan na roƙo a ƙasa. Babban ɗansa yana cikin motar haya tsakanin Zariya da Kano, ya buɗe waya don ya rage tsawon hanya, sai ya yi ido biyu da fuskar ubansa. An ce min ihun da ya yi sai da direba ya taka burki. Tun da na ji wannan labari na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito tsakar gida, in koma zaure, har maiɗakina ta ce ko kaza mai neman wurin ƙwai ta fi ni natsuwa. Ban yi mata musu ba. Abin da ba ta sani ba, ba mutuwar ce ta hana ni sukuni ba, mutuwa ai kowa yana kan hanya. Yadda labarin ya isa ga ɗan nasa ne ya tono min wani abu da na daɗe ina dannewa, tun ina ɗalibi a Alƙahira, lokacin da gemuna bai san furfura ba.

A Darrasa na zauna, a wani bene mai hawa biyar wanda matakalarsa ta gaji da duniya, mu huɗu a shaƙƙa ɗaya, wato sashen haya irin nasu mai ɗaki biyu da falo. Idan ka tambaye ni abin da na fi tunawa da unguwar, ba gine-ginen ba ne, ƙara ce. Garin nan kowa shela yake yi. Mai gas yana tafe yana ƙwanƙwasa sifana a jikin tukunya, sautin yana shiga har cikin haƙori. Mai sayen tsofaffin kaya yana jan murya daga wannan kan layi zuwa wancan. Mai burodi yana ratsa motoci a kan keke da katako a kansa, yana kira ba ya waiwaye. Ga kuma ladanai, masallaci a jikin masallaci, wannan bai kai ƙarshen kalma ba wancan ya ɗauka. Mu kuwa muna can sama muna wankin jallabiya a bokiti, muna tuƙa tuwon semo da kukar da aka aiko daga gida wadda muke tattali kamar turare, muna haddace matani da ƙarfi don mu rinjayi titi. A cikin duk wannan hayaniya akwai labari guda da ba a taɓa ɗaga murya a kansa ba, shi ne idan an yi wa ɗayanmu rasuwa a gida.

Mutanen gida ba sa kiran mai abin kai tsaye, ko da wayar tana aljihunsa. Babba suke nema. Babban namu a wancan lokaci wani tsoho ne ɗan kudancin Kaduna, Kirista, wanda ya shekara da shekaru yana aikin wasiƙu a ofishin jakadanci, har ya zama duk uban da ke da ɗa a Masar yana da lambarsa. Da ƙuruciyarsa ya shiga makarantar koyon aikin fada, wato limancin coci, ya yi nisa, sai ya haɗu da wata 'yar garinsu mai wushirya, ya ninke farar rigar ya mayar musu. Abin da ya fito da shi daga can shi ne Latin, harshen Rumawan da, wanda ya ce masu shi sun mutu sun bar wa limaman coci da lauyoyi. Ba ya magana uku bai jefa kalma ɗaya ba, shi ya sa muka sa masa Baba Latin, kuma yana amsawa da fara'a. In zai kai labarin rasuwa ga ɗalibi Musulmi ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya biyo ya ɗauke ni, don na girmi yawancin ɗaliban, kuma ni ke jan salla a shaƙƙarmu. “Ni in sauke kaya, kai ka yi addu'a, Liman,” haka yake cewa. Mun yi irin wannan tafiya sau da yawa, amma ko sau ɗaya ban taɓa zama mai furtawa ba. Nawa ɗaga hannu ne bayan an gama mai wuyar.

A cikin metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, yake ba ni karatun da ban roƙa ba. Ina jin don ya rage wa kansa nauyin abin da ke gaba ne. Ya ce Rumawa mutanen surutu ne kamar Misirawa, shi ya sa suka raba faɗar labari gida-gida. Akwai proclamare, ka tsaya a bainar jama'a ka ɗaga murya, wanda abin ya shafa ya ji, wanda bai shafa ba ma ya ji. Mai wannan aiki praeco suke ce masa, shi ne sankiransu, shi ke kiran taro, shi ke kiran farashi a gwanjo, kuma duk da amfaninsa ba a ba shi tabarma a gaba. Akwai edicere, na mai mulki, wanda yake faɗa ba don a amsa masa ba. Akwai pronuntiare, irin na alƙali in ya gama saurare ya yanke. Ni kuwa da girman kaina na ɗalibin nahawu na ce masa mu ma ai muna da shela da sanarwa da hukunci, Larabci kuwa ya ninka wannan sau goma, to me Latin ya fi mu da shi? Ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa, ya ce shi bai ce ya fi ba, da shi dai aka yi masa bulala, dole ya ci ribar dukansa. Wata rana ya kawo annuntiare, ya ce daga ita suka samo sunan ranar da mala'ika ya zo wa Maryam da albishir. Na ce wannan kam mun sani, na karanto masa ayoyin, ya rufe ido yana gyaɗa kai har muka wuce tasharmu. Amma wadda ya fi so, wadda yake faɗa a hankali kamar mai tsotsar dabino, ita ce nuntiare: ka ɗauko labari daga inda ya faru, ka taka da ƙafarka, ka kai wa mutumin da labarin yake nasa. Mai yin haka shi ne nuntius. “Praeco murya gare shi, nuntius fuska gare shi,” in ji shi. “Mu ba sankirori ba ne, Liman.”

Yana da ƙa'idojinsa, kuma ba ya sassautawa. Zai cire takalmi a bakin ƙofa, ya ƙi kujera ya zauna a ƙasa duk da ciwon gwiwarsa. Ko ruwa ba ya karɓa. Gaisuwa ɗaya, sai ya ce an kira daga gida, jikin wane ya yi tsanani. Daga nan ya yi shiru na numfashi biyu, ya bar mutum ya dube shi, labarin zuciya ai a tambayi fuska. Sannan ya ƙarasa ba kwana-kwana. In mun fito kuma sai ya kira wanda ya aiko shi ya ce an sauke, wannan ma yana da sunansa, renuntiare, komawa da rahoto ga mai aike. Ni dai saurin nasa ya riƙa yi min kama da rashin tausayi. A garinmu ba haka na taso na gani ba. Kakata, wadda ita ake aikawa irin wannan a danginmu, zama take yi ta ja hira, ta tabbata mutum ya ci ya ƙoshi ya kora da ruwa, don a cewarta wanda aka yi wa mutuwa kwana uku loma ba ta wuce masa maƙogwaro, gara ya shiga da guzuri. Na taɓa faɗa wa Baba haka. Ya ce kakata mai hikima ce, sai dai a zamaninta labari jaki yake hawa. Na yi murmushi kawai, a raina na ce me ɗan makarantar fada ya sani game da tausayi irin na tsofaffinmu.

Yanzu duk wannan ya zama tatsuniya. Ba mai cire takalmi, ba mai zama ƙasa, kowa sankira ne, kowa yana rige-rigen ya zama shi ya fara sakawa, kamar za a ba da lada ga na farko. Shi kansa Baba, da ya koma garinsu ya rasu, a waya na gani, tsakanin tallar shadda da hotunan bikin wasu da ban sani ba. Mutumin da ya ƙare ƙafarsa yana hana labari faɗo wa mutane a ka, nasa haka ya faɗo min. Na ji haushi ranar, har yanzu ina ji. Amma duk lokacin da na buɗe baki zan yi wa 'yan zamani faɗa, sai wani abu ya riƙe min harshe, don na san abin da ni na aikata.

A kwanakin nan ne da Alƙahira ta birkice, jama'a suka cika babban dandalin Wustul Balad, wato tsakiyar gari, suna neman shugaba ya sauka. An yanke waya, an yanke intanet. Wayar kira ta dawo ba da daɗewa ba, intanet kuwa ya yi kwanaki shiru. 'Yan sanda suka ɓace daga titi, samarin kowace unguwa suka tare bakin layinsu da sanduna, ga dokar hana fita tun rana ba ta yi sanyi ba. Ina tsaye a layin burodi da safe Baba ya kira ni.

“Liman, kana ina?”

“Ina layin burodi, Baba. Lafiya?”

“Fita daga layin. Mahaifiyar Bahaɗeje ta rasu jiya bayan la'asar, har an kai ta. Yanzu kawunsa ya kira ni.”

Bahaɗeje wani ɗalibi ne ɗan Haɗeja, mai yawan dariya, wanda tsadar haya ta kora zuwa Hadayek el-Maadi, can kudancin gari. Uwarsa ce ta rene shi ita kaɗai, shi ne kuma namiji tilo a wurinta. Shekara huɗu ke nan bai taka gida ba.

“Ni ba zan iya ƙetaro kogi ba,” in ji Baba. “Gadoji a cushe suke, ƙafata kuma ta kumbura kamar gwanda. Kai za ka je.”

“Ni kaɗai? Baba, ni fa addu'a na iya.”

“Yau za ka iya biyun. Saurara da kyau. Ana raɗe-raɗin yau za a sako intanet. 'Yan uwansa sun riga sun rubuta a shafukansu tun jiya, kawun ya hana, ba su hanu ba. Da zarar intanet ya dawo, abin da zai fara gani ke nan. Ka riga wayarsa isa gare shi. Yalla, maza. Kuma kada ka ci komai.”

Ban san yadda na sauko daga Darrasa ba. Babu mota, da ƙafa na yi ta har tashar metro ta Ataba, kowane bakin layi sai an tsayar da ni an duba takardar zamana. Wani saurayi mai gora a hannu ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ya sheikh, kada ka kuskura ka bi ta dandali, yau ba lafiya. Ina tafe ina tuna Baba ya ce irin wannan denuntiare ne, gargaɗin da ake yi maka tun abu bai same ka ba, sai na ji haushin kaina da kan nawa yake tuna Latin a irin wannan rana. A wani shagon shayi talabijin yana karanto lokacin hana fita, mutane sun yi cirko-cirko a gabansa. Daga nesa kuma ana jin amon dandali, dubban baki suna faɗar abu ɗaya. Gari duka yana shela, ni kaɗai nake ɗauke da maganar mutum guda. Metro ba ya tsayawa a tashar tsakiya, sai da na zagaya ta Ramsis na canza jirgi. Ban iya zama ba ko da kujera ta samu. Duk wanda na ga ya zaro waya sai in leƙa in ga ko ta kawo. Ina ta maimaita jimlolin a baki kamar mai bitar hadda, jikin Inna ya yi tsanani, Allah ya yi mata rasuwa, har wani dattijo da ke kusa da ni ya ɗauka tasbihi nake ya ce Allah ya karɓa.

Na isa kafin azahar, intanet bai dawo ba. Na riga shi. Wallahi a kan matakalar benen sai da na yi hamdala.

Bahaɗeje ya buɗe ƙofa da ludayi a hannu. “Ustaz! Kai da ƙafarka a wannan rana? Marhaban, marhaban, shigo! Kwana biyar ban ga fuskar Bahaushe ba, har na fara yi wa bango Hausa.”

Na cire takalmi, na ƙi kujera, na zauna a ƙasa. Har nan ban kuskure ba. Abokan zamansa 'yan Sudan sun fita neman burodi, shi kaɗai ne a shaƙƙar. Kafin in daidaita zama ya dire faranti a tsakaninmu, shinkafa da wake da mai da yaji, tururi yana tashi.

“Ka zo a daidai. Tun jiya da rana ban sa komai a cikina ba, sai ɗazu matar mai gadin bene ta ba ni wake. Bismillah.” Sai ya tsaya ya dube ni. “Lafiya dai, Ustaz? Na ga kamar ka yi gudu.”

Nan ne wurin. Ƙofa ce ya buɗe min da kansa. Na dubi fuskarsa, na dubi yadda wuyansa ya rame, na tuna tun jiya bai ci ba, na tuna kakata. Na ce a raina minti goma kawai, ya ci ya ƙoshi, sannu ba ta hana zuwa. Gaskiyar da ban faɗa wa kaina ba a lokacin ita ce tsoro nake ji, kuma na samu hikimar kakata na ɓuya a bayanta.

“Lafiya lau,” na ce. “Na zo duba ka ne.”

Na sa hannu a farantin.

Yana ci yana hira. Ya ce tun jiya yake kiran gida, wayar Inna a kashe, kawunsa kuma ya ɗauka sau ɗaya ya ce ba ya ji sosai ya katse. “Ma'alish, ba komai, layukan ne duk sun rikice. Na san dai tana can hankalinta a tashe, tana cewa in baro ƙasar Fir'auna in dawo.” Ya yi dariya, ya ƙara barbaɗa min yaji a gefena. “Ci da wannan, Ustaz, ita take daka min da hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa. Saura kaɗan, amma kai baƙo ne na musamman.” Na ci. Ina ƙirga nasa lomomin, ina cewa in ya kai tsakiyar faranti zan faɗa. Ya kai tsakiya, na ce bari ya sha ruwa. Ya sha ruwa, na ce bari ya gama labarin da ya ɗauko.

Sai wani ya kwarara ihu daga barandar benen da ke kallonmu, intanet ya dawo, intanet ya dawo! Wata mata ta rangaɗa guɗa, motoci suka kama ham. Wayar Bahaɗeje tana kan taga a jikin caji. Ta yi gurnani sau ɗaya, ta sake, sannan ta kama rawa a kan katakon ba tsayawa.

Ya miƙe yana goge hannu a jikin tawul.

“Zauna mu gama tukuna,” na ce, bakina cike da shinkafa.

“Daƙiƙa ɗaya, Ustaz, in gaya wa mutanen gida ina raye.”

Zan iya tashi in riƙe shi. Zan iya faɗa a tsaye, ko da ba tsari. Ban yi ba. Na zauna da hannu a cikin mai ina kallon bayansa. Na ga kafaɗunsa sun tsaya. Na ga yatsansa ya daina motsi. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba, titi yana ta murna a ƙasa.

Ya juyo a hankali, ya kife wayar a kan taga, ya dawo ya zauna a inda ya tashi. Idonsa a bushe. Ya dubi farantin, ya dubi hannuna, ya dubi kujerar da na ƙi zama a kai.

“Shi ya sa ka zo.”

“Shi ya sa.”

“Baba Latin ne ya aiko ka.”

Na gyaɗa kai. Kunya ta rufe ni har ban san inda zan sa idona ba, sai na gudu zuwa abin da na iya, na ɗaga hannu na fara addu'a. Ya ɗaga tafinsa ya tsayar da ni.

“Dakata, Ustaz. Addu'ar tana zuwa.” Muryarsa ba faɗa a cikinta, da ma faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. “Na gani a rubuce. Duk Haɗeja sun sani tun jiya, har da waɗanda ba su taɓa gaishe ta ba. Kowa ya gaya wa duniya, amma ni ba wanda ya gaya min. Ka taso tun daga Darrasa a cikin wannan hali. To faɗa min.”

Na haɗiye abin da ke bakina. Na gyara zama na fuskance shi.

“An kira daga gida,” na ce. “Jikin Inna ya yi tsanani.”

Ya gyaɗa kai a hankali, yana kallon fuskata, kamar bai san abin da zai biyo baya ba. Na bar numfashi biyu suka wuce.

“Allah ya yi mata rasuwa jiya bayan la'asar. An yi mata salla, an kai ta.”

Sai a lokacin ya ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya kifa kansa a gwiwa ya fashe da kuka. Na matsa kusa na riƙe kafaɗarsa da hannun hagu, don na daman duk mai ne da yajin da ta daka.